Tambaya: me ya sa saƙon waya ke tsallaka iyaka nan take, shari'a kuma ta tsaya jiran takarda?

Ɗan Tudun Hatsi, Gombe:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina cikin shugabannin wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi a nan Gombe, kuma na kawo wannan tambaya ne a madadin mambobinmu, domin matsalar ta wuce ta mutum ɗaya. Cinikinmu da mutanen Kamaru da Chadi da Nijar ya girme mu duka, sai dai a 'yan shekarun nan yawancinsa ya koma kan waya: a turo hoton kaya ta WhatsApp, a daidaita farashi ta saƙon murya, a biya ta banki ko ta hannun ɗan canji wanda zai mayar da naira sefa. Wani ɗan'uwanmu ya biya kuɗin riɗi masu yawa ga wani mutum mai layin Kamaru, wanda ya ce a Garwa yake, kuma tun da kuɗin suka shiga aka daina samun layin, kaya kuwa ba su iso ba. An kai ƙorafi ga hukuma, an ɗauki jawabinsa, an duba saƙonnin da shaidar biyan kuɗin, sannan aka ce masa tun da mutumin yana wata ƙasa dole sai an rubuta Abuja, ya yi haƙuri.

Abin da muke son masana su fayyace mana shi ne wannan. Shin babu wata hanya ta kwamfuta da 'yan sanda ko alƙalan Najeriya suke bi su yi magana kai tsaye da takwarorinsu na maƙwabta? Idan akwai, me ya sa ba ma ganin amfaninta a Gombe? Kuma saƙonnin da ke cikin wayar ɗan'uwanmu, kotu za ta karɓe su a matsayin hujja, ko kuwa sai an samo wani abu daga kamfanin WhatsApp da ke Amurka? Muna neman bayani ne da za mu iya karanta wa mambobinmu a taro, don haka duk wanda zai amsa ya taimaka ya yi mana dalla-dalla.

Lauyar Gwamnati, Bauchi:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar wa ɗan'uwanku da alheri. Zan amsa a matsayina na mai gabatar da ƙara a matakin jiha, kuma zan fara da abin da ya fi ɗaure wa mutane kai.

Maganar "sai an rubuta Abuja" tana da tushe a doka. Ikon ɗan sanda da ikon alƙali suna ƙarewa ne a inda ƙasarsu ta ƙare, saboda haka sammacin da alƙalin Gombe ya sanya wa hannu ba ya tilasta wa kamfanin waya ko banki a Garwa komai. Bugu da ƙari, tsarin mulkinmu na 1999 ya sanya harkokin waje da miƙa waɗanda ake zargi a cikin abubuwan da suka keɓanta ga gwamnatin tarayya, don haka ma'aikatar shari'a ta jiha ba ta da hurumin aika wa Yawunde buƙata da kanta. Dokar taimakon juna a shari'o'in laifi ta 2019 ta sanya Antoni Janar na Tarayya a matsayin ƙofar da irin waɗannan buƙatu ke fita da shigowa ta cikinta, kuma akwai sashe na musamman a Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya da ke wannan aiki. Takarda takan tashi daga mai bincike zuwa hedikwatarsa, daga nan zuwa wannan sashe, a fassara ta zuwa harshen da ƙasar ke aiki da shi, sau da yawa kuma ta bi ta hanyar diflomasiyya kafin ta isa hannun alƙalin da zai aiwatar da ita. A kowane mataki tana iya kwana, kuma idan aka tarar ba a bayyana laifin da sashen dokar da ya haramta shi yadda ya kamata ba, sai a dawo da ita a sake.

Kafin a aika buƙata ma, sai an san a kan wace yarjejeniya za a ɗora ta. Ƙasashen ECOWAS suna da yarjejeniyar taimakon juna da aka ƙulla a Dakar a 1992, da ta miƙa masu laifi da aka ƙulla a Abuja a 1994, amma Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, Nijar kuma ta fice tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a aikinmu na arewa maso gabas, domin ƙasashen da muka fi cuɗanya da su a kasuwa da auratayya su ne waɗanda igiyar shari'a tsakaninmu da su ta fi rauni.

Duk da haka akwai hanya ta zamani, kuma ta dace da matsalarku. Yarjejeniyar Budapest kan laifukan intanet, wadda aka buɗe a 2001, Najeriya ta shiga cikinta a 2022, Kamaru ma ta shiga daga baya. Mutane da yawa suna zaton masu kutse a kwamfuta kawai ta shafa, alhali tanadinta na haɗin kai ya haɗa da tattara shaidar lantarki ta kowane irin laifi, har da damfara irin wadda aka yi wa ɗan'uwanku. Abubuwa uku ne a cikinta suka fi amfani. Sashe na 35 ya wajabta wa kowace ƙasa ta tanadi ofishin tuntuɓa da ke aiki dare da rana. Sashe na 29 ya ba ƙasa damar roƙon wata ƙasa ta sa a adana wasu bayanai nan take kada a goge su, na tsawon akalla kwana 60, kafin cikakkiyar takardar buƙata ta iso. Sashe na 25 kuwa ya yarda a yanayin gaggawa a aika buƙata ta imel, takardar asali ta biyo baya. Idan mai bincike a Gombe ya san da waɗannan, a makon farko zai nemi a riƙe bayanan rajistar layin nan da tarihin kiransa, maimakon ya jira watanni har kamfanin ya share su.

Kun tambaya ko akwai inda alƙalai ke aika wa juna buƙata ta kwamfuta kai tsaye. Tarayyar Turai ta yi nisa a wannan fanni. Tana da wata kafa amintacciya mai suna e-CODEX da ke haɗa tsarin kwamfutocin kotunan ƙasashenta, kuma a Disambar 2023 ta kafa dokar da ta mayar da aika buƙatun shari'a ta wannan hanya ya zama ƙa'ida. A 2023 ɗin dai ta kafa wata dokar shaidar lantarki, wadda aka tsara za ta fara aiki a Agustan 2026, inda hukumar shari'a ta wata ƙasa za ta umarci kamfanin sadarwa da ke wata ƙasar ya miƙa bayanai cikin kwana 10, ko cikin awa 8 idan akwai barazana ga rai. Sai dai ina so a lura da jerin shekarun. Turawa sun amince da sammacin kamu na bai-ɗaya tun 2002, sun amince da umarnin bincike na bai-ɗaya a 2014, wato sun shafe shekaru sama da ashirin suna yarda da hukuncin alƙalan juna kafin su ɗora kwamfuta a kai. A ra'ayina, wanda ya sayo mana manhaja ba tare da wannan yarda ba, saurin isar takarda kawai ya saya mana, domin alƙalin can zai karɓe ta cikin daƙiƙa ya ajiye ta wata shida yana neman tabbacin wanda ya aiko.

Wannan ne ya sa nake ganin darajar cibiyar masu gabatar da ƙara ta yammacin Afirka da ake kira WACAP, wadda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya taimaka aka kafa a 2013. Aikinta shi ne jami'an ƙasashen su san juna, ta yadda mutum zai kira takwaransa ya nuna masa daftarin buƙata ya gyara masa kafin a aika a hukumance. Haka kuma a 2018 Najeriya ta tura mai gabatar da ƙara zuwa Italiya don ya zauna tare da masu binciken safarar mutane, a 2023 kuma ta sanya hannu kan tsarin aiki tare da Eurojust, hukumar haɗin kan shari'a ta Turai da ke birnin Hague. Da za a tura jami'i irin wannan ya zauna a Yawunde ko Njamena, da 'yan kasuwar Gombe da Mubi da Maiduguri sun fi kowa cin moriyarsa.

Game da saƙonnin wayar, kotu tana karɓarsu, amma bisa sharaɗin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya buƙaci a nuna cewa na'urar da ta fitar da bayanin tana aiki daidai kuma ana amfani da ita a kai a kai, ta hanyar takardar tabbaci ko ta bakin shaida. A shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba, kuma har yau lauyoyi suna rasa shari'a a kan wannan kuskure.

Sufeto Mai Ritaya, Azare:

Alhaji, ina yi muku jaje. Hajiya Barista, Allah ya ƙara ilimi, kin yi bayanin hanyar kotu, ni kuma zan ƙara da hanyar 'yan sanda, wadda a cikinta na tsufa.

Tsakanin 'yan sanda akwai layin kwamfuta tun da daɗewa. Hukumar Interpol, mai hedikwata a birnin Lyon na Faransa, tana da kafar sadarwa mai suna I-24/7 da ke haɗa ofisoshinta na ƙasashe, namu yana Abuja, kuma tana da ofishin yanki a Abidjan da wani a Yawunde. Ta wannan kafa ana tambayar ko wannan mota ta sata ce, ko wannan fasfo an ba da cigiyarsa, ko ana neman wannan mutum a wata ƙasa. Kamaru da Chadi da Nijar duk mambobi ne, kuma ficewar Nijar daga ECOWAS ba ta fitar da ita daga Interpol ba. Akwai kuma shirin WAPIS, wanda aka fara a 2012 da kuɗin Tarayyar Turai don ƙasashen yammacin Afirka su mayar da bayanan 'yan sandansu cikin kwamfuta su riƙa musaya. Saboda haka idan mai binciken ku ya rubuta wa ofishin Interpol na Abuja, za a iya roƙon 'yan sandan Kamaru su duba ko mutumin yana nan, ko an taɓa kama shi. Amma ku sani abin da ya zo ta wannan hanya bayanin sirri ne na jagorar bincike, ba kasafai ake iya miƙa shi gaban alƙali ba sai an bi hanyar da Hajiya ta faɗa. Jar sanarwar Interpol ɗin ma da ake yawan ambata roƙo ce ga ƙasashe su nemo mutum su tsare shi na wucin gadi, kowace ƙasa kuma dokarta take dubawa kafin ta kama.

Dalilin da ya sa ba ku ganin amfanin wannan a Gombe, a fahimtata, yana can ƙasa a caji ofis. Kwamfuta ba ta fitar da abin da ba a zuba mata ba, kuma a ofisoshin da na yi aiki da biro ake rubuta ƙorafi a littafin rajista, fayil kuma yana cikin kabad. Ko an zuba ɗin ma akwai matsalar suna, wadda duk wanda ya yi aiki kusa da iyaka ya san ta. Mutum guda a takardar Najeriya Usman Abubakar ne, a ta Nijar ko Kamaru kuma Ousmane Aboubacar ko Boubacar, ranar haihuwarsa kuwa a nan 1 ga Janairu ce ta ƙiyasi, a can an rubuta an haife shi wajen shekara kaza. Wanda ya bincika da rubutu ɗaya ba zai gan shi a ɗayan ba, sau da yawa kuma sai ya faɗa kan wani bawan Allah mai irin sunan. Zanen yatsa ne kawai ke raba wannan gardama, shi kuwa sai kowane ofishi yana da na'urar ɗauka da wutar da za ta kunna ta.

Ba zan ɓoye muku ba, a zamaninmu abin da ya fi saurin aiki shi ne sanayya. Ka kira jandarman da ka sani a ƙetare, ko ka bi ta hannun sarkin kasuwa ko shugaban direbobi, kafin mako a gano mutum, wani lokaci har a sasanta a dawo da dukiya. Ƙungiyarku tana da abokan ciniki a Garwa, kuma ina ba ku shawara ku nemi taimakonsu wajen gano ko wane ne mutumin, sannan ku miƙa wa hukuma abin da kuka gano.

Injiniyan Tumfure, Gombe:

Baba Alhaji, ina gaisuwa. Ni aikina tsaron kwamfuta ne, kuma zan tsaya a kan tambayarku ta uku, domin akwai abin da ya kamata ɗan'uwanku ya yi yau ɗin nan.

Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, wato kamfanin Meta, mamallakin WhatsApp, shi kansa ba ya iya karanta su, saboda haka ko an rubuta masa ba zai kawo hirar ba. Abin da yake da shi bayanan gefe ne, kamar lokacin da aka buɗe asusun, lokacin da aka yi amfani da shi na ƙarshe, da adireshin intanet na na'urar, kuma waɗannan suna taimakawa a gane ko mutumin da gaske a Kamaru yake ko kuwa yana zaune a Yola ne da layin Kamaru a aljihu. Wannan ba ƙaramin batu ba ne, domin ana iya buɗe WhatsApp da lambar wata ƙasa a ci gaba da amfani da shi a ko'ina muddin akwai intanet, kuma idan ya tabbata yana cikin Najeriya, duk maganar iyaka ta faɗi. Kamfanin yana da shafi na musamman da jami'an tsaro ke shigar da buƙata, kuma ƙa'idarsa ita ce ya adana bayanan asusu na kwana 90 idan hukuma ta nema a hukumance. Jami'i ne kawai zai iya nema, da imel na ofis, shi ya sa mai binciken da ba shi da irin wannan imel tun daga nan ya makale.

Idan abin da ake nema ainihin abin da aka rubuta ne, kamar saƙonnin imel da ke ajiye a rumbun wani kamfanin Amurka, to dokar Amurka ta 1986 ta hana kamfanin miƙa su ga wata gwamnati kai tsaye, sai an bi ta yarjejeniyar taimakon shari'a da ke tsakanin Najeriya da Amurka, wadda aka sanya wa hannu a 1989 ta fara aiki a 2003, alƙalin Amurka ya ba da umarni. Wani kwamitin da shugaban Amurka ya kafa ya ba da rahoto a 2013 cewa irin wannan buƙata takan ɗauki kimanin wata 10. Dokar CLOUD ta 2018 ta buɗe gajeriyar hanya ga ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya ta musamman da Amurka, kamar Birtaniya wadda tata ta fara aiki a 2022, amma Najeriya ba ta cikinsu.

Ma'anar duk wannan ita ce wayar ɗan'uwanku ita ce babbar hujja. Kada ya goge hirar saboda ɓacin rai, kada ya sayar da wayar ko ya kai ta a wanke mata ƙwaƙwalwa, kuma ya duba ko an kunna tsarin saƙo mai ɓacewa da kansa ya kashe shi. Hoton fuskar waya shi kaɗai hujja ce mai rauni, tunda yaro ma zai iya ƙirƙirar irinsa. Abin da ya dace shi ne masu binciken na'ura su kwafi abin da ke cikin wayar da kayan aikinsu, su fitar da lambar tantancewa, wato wata doguwar lamba da lissafi ke samarwa daga fayil, wadda ko harafi guda aka canja a cikinsa sai ta canja gaba ɗaya. Da wannan lamba ce alƙalin da ke wata ƙasa zai gamsu cewa abin da ya iso hannunsa shi ne abin da aka ciro a Gombe, tare da takardar da ke nuna hannun da wayar ta bi tun daga ranar da aka karɓe ta.

Sannan ku bi sawun kuɗin, domin shi ne ɓangaren da ke cikin ikonmu. Idan asusun bankin Najeriya aka fara turawa, akwai lambar BVN a jikinsa, kuma kotu a nan za ta iya ba da umarni a kansa. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwarmu su riƙe bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwa na shekara 2, saboda haka duk lambar Najeriya da ta shiga cinikin ana iya bin ta. Hukumar NFIU mai tattara bayanan sirri na kuɗi tana musaya da takwarorinta na duniya ta kafar ƙungiyar Egmont, hukumar EFCC kuma tana da ofishi a nan Gombe.

Ɗan Tudun Hatsi, Gombe:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kira ɗan'uwan namu na gaya masa ya ajiye wayar yadda take, kuma ya tabbatar mini cewa asusun wani ɗan canji na nan gida ya fara tura kuɗin. Saura tambaya ɗaya. Akwai wani direba mutumin Garwa da ya san wanda ake zargin ido da ido, ya yarda zai faɗi gaskiya, amma ya ce ba zai bar aikinsa ya zo Najeriya ba. Shin alƙali zai iya sauraronsa ta kiran bidiyo?

Barista Mai Zaman Kansa, Gombe:

Ranka ya daɗe Alhaji, amsar ita ce yana yiwuwa, amma ba ta hanyar ɗaga waya a tsakiyar kotu a kira shi ba. Sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya ba kotu damar karɓar shaida ta bidiyo a wasu laifuka, ciki har da na ta'addanci, safarar mutane da laifukan kuɗi. A lokacin annobar korona a 2020 Babbar Kotun Jihar Borno ta yi zama ta intanet, kuma a Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta nuna cewa irin wannan zama bai saɓa wa tsarin mulki ba. Gyaran da aka yi wa Dokar Shaida a 2023 ma ya ƙara faɗaɗa karɓar bayanan lantarki da sa hannu na kwamfuta. Sai dai idan shaidan yana wata ƙasa, ɗaukar rantsuwarsa aikin hukuma ne a cikin ƙasar mutane, don haka sai da izininsu, kuma galibi sai jami'insu ya zauna tare da shi ya tabbatar da ko shi wane ne. Ƙarin yarjejeniya ta biyu ta Budapest, wadda aka buɗe a 2022, ta tsara yadda ake wannan tsakanin ƙasashen da suka amince da ita.

Ni aikina kare waɗanda ake tuhuma ne, kuma ina so a saurari wannan ɓangaren, domin ɗan kasuwar da ke ƙara yau yana iya zama wanda ake nema gobe bisa kuskure. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin yi wa shaidun masu ƙara tambayoyi. Idan hoton yana yankewa, ko ba a san wanda ke tsaye bayan kyamara yana yi wa shaida ishara ba, ko tafintan Fulatanci ko Faransanci yana can inda lauya ba zai iya ƙalubalantar fassararsa ba, to haƙƙin nan ya ragu ko da a takarda an ce an ba shi. Haka kuma dole a san wace ƙasa ce za ta hukunta shaidan idan ya yi ƙarya bayan rantsuwa. Turai ma da ake misali da ita tana fama da irin wannan: bayan masu binciken Faransa da Holan sun kutsa cikin wayoyin sirri na EncroChat a 2020 suka raba bayanan ga wasu ƙasashe, lauyoyi sun yi ta ƙorafin cewa ba a nuna musu yadda aka samo hujjar ba, har maganar ta kai kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke hukunci a 2024 cewa dole wanda ake tuhuma ya samu damar yin magana mai ma'ana a kan irin wannan hujja, in ba haka ba a yi watsi da ita.

Baba Sufeto, da girmamawa, na yarda da kai cewa sanayya tana gano mutum, amma ina jan hankali kada ta kai ga a kamo shi a tsallako da shi a bayan mota ba tare da alƙali ya gani ba. Matsalar sunaye da ka kawo ita ce hujjata, domin kuskuren da a dā yake tsayawa a littafin caji ofis guda, yanzu idan ya shiga rumbun bayanai sai ya bi mutum zuwa kowane filin jirgi, har a hanyarsa ta Umara. Interpol tana da kwamiti mai zaman kansa da ake kai wa ƙorafi a goge bayanan da ba daidai ba, kuma sashe na 3 na kundinta ya hana ta shiga al'amuran siyasa, soja, addini ko launin fata, amma talaka nawa ne ya san da wannan? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare, kuma ina ganin wajibi ne duk wani tsarin musaya da za a kafa ya zo da ƙofar da ɗan ƙasa zai bi ya ga abin da aka rubuta a kansa ya nemi gyara.

Lauyar Gwamnati, Bauchi:

Na yarda da abokin aikina a kan haƙƙin wanda ake tuhuma, kuma hujjar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba mu masu ƙara take fara cutarwa, domin a kotun ɗaukaka ƙara take rushewa.

Alhaji, akwai wani abu da ya kamata ku shirya masa. Ƙasashe da yawa masu bin tsarin shari'ar Faransa ba sa miƙa 'yan ƙasarsu ga wata ƙasa, sai dai su karɓi fayil su gurfanar da mutum a gida. Idan ya tabbata wanda ake zargin ɗan Kamaru ne kuma yana can, mai yiwuwa a Garwa za a yi shari'ar, direban nan ya shiga kotu da ƙafarsa, ɗan'uwanku kuma shi ne zai ba da shaida daga nesa ko ya yi tattaki. Wannan tsari yana da fa'ida gare shi, domin a can wanda aka cuta yana iya shiga shari'ar laifin a matsayin mai neman diyya, alƙali ya yanke hukunci a kan laifin da kuɗin a zama guda, amma zai buƙaci lauyan da ke da rajista a can.

Ga abin da nake ba ku shawara ku yi a wannan mako. Lauyanku ya rubuta wa hukumar da ke binciken takarda, ya nemi abubuwa a fili: a kwafi wayar ta hanyar ƙwararru, a nemi umarnin kotu a kan asusun ɗan canjin a kuma ɗauki jawabinsa kan wanda ya miƙa wa sefar, a aika buƙatar adana bayanai ga Meta da kuma ofishin tuntuɓa na Kamaru, sannan a tura kwafin fayil ɗin ga sashen da ke ƙarƙashin Antoni Janar na Tarayya. Ku haɗa da cikakken sunan direban kamar yadda yake rubuce a katin shaidarsa na Kamaru, da lambar wayarsa, da taƙaitaccen abin da ya sani. Idan akwai wasu mambobinku da aka damfara da lambar nan ko ta asusun nan, a tattara ƙorafinsu wuri guda, domin idan aka nuna cewa gungun mutane uku ko fiye ne ke aikin, ana iya ɗora buƙatar a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Palermo ta 2000 kan gungun masu laifi na ƙasa da ƙasa, wadda Najeriya da Kamaru da Chadi da Nijar duk suna cikinta.

A matsayinku na ƙungiya kuma, kuna da bakin da za ku nemi ma'aikatun shari'a na Gombe da Bauchi su ware lauya guda da aka horar a kan rubuta irin waɗannan buƙatu, tare da mai fassarar Faransanci da ɗakin bidiyo mai tsayayyiyar wuta a babbar kotu. Ku kai wannan buƙata a rubuce ga kwamishinan shari'a da kwamitin shari'a na majalisar jiha kafin a kammala kasafin kuɗin shekara mai zuwa.